Ba mu gane waƙar ba: laifinmu ne ko na mai ita?

Tambayar ta zo mini daga wani matashi a Anguwar Rogo, nan Jos. Ya ce su biyar ne suke haɗuwa wajen mai shayi bayan isha'i, kuma sun saba su kunna waƙoƙin da ake yayi a waya, su tsinci baitin da ba kai ba gindi, su yi ta dariya. Ran nan sai ɗayansu, wanda yake taɓa rubuta waƙa, ya karanta musu tasa. Ga yadda ta fara:

Inuwar shiru ta haɗiye ruhin dare,
Madubin babu yana wanke fuskar har abada.

Suka tuntsire da dariya yadda suka saba. Shi kuwa ya tashi rai a ɓace, ya ce waƙa ba ta kowa ba ce, wanda bai kai ba ba zai gane ba. Yau mako biyu ke nan bai sake zama a bencin ba. Mai tambaya yana so ya sani: jahilcinsu ne, ko baitin ne babu komai a cikinsa? Kuma yaya mutum zai raba waƙa mai zurfi da wadda ta yi shigar burtu?

Ƙanena, na daɗe ina koyar da waƙa a aji, na kuma sha zama alƙalin gasar marubuta, don haka tambayarka ta taɓa ni a inda nake ji. Abokinku yana da gaskiya a abu ɗaya: akwai waƙar da ba a gane ta a ji ɗaya, kuma sau da yawa ita ce ta fi daraja. Amma wannan gaskiyar ba ta rufa wa baitinsa asiri ba. Bari in bi da kai a hankali, don wuyar waƙa iri-iri ce, kuma ba kowace ce ta cancanci dariya ba.

Kai ɗan Jos ne, ka san tafkunan da haƙar kuza ta bari wajen Bukuru da Rayfield da Barikin Ladi. In ka tsaya a bakin ɗaya, ba za ka hango ƙasansa ba. Ka kuma san ruwan da yake kwantawa a lungun unguwa bayan an ɗauke ruwan Agusta. Shi ma ba ka ganin ƙasansa. Na farko zurfi ne ya ɓoye shi, zurfin da yake cin mutum. Na biyu laka ce kawai, ko idon sawu bai kai ba. Daga tsaye ido ba zai raba maka su ba, sai ka zura kara. Karan da ake zura wa waƙa kuwa tambaya ce: me ake nufi da wannan, me mawaƙin ya gani?

Fara da duhun da yake daga wajenmu mu masu sauraro, don shi ne ya fi yawa, kuma shi ne mutane suke saurin yi wa dariya bisa kuskure. Ɗauki waƙoƙin fada na ƙasar Sakkwato da Zamfara, irin na Ibrahim Narambaɗa, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa. Yaron da ya tashi a Dilimi ko Gangare, in ka kunna masa, zai iya ce maka rabinta ba Hausa ba ce. Hausa ce tsantsa, sai dai ba tasa ba. A can "shina" ake cewa inda kake cewa "yana", "sunka" da "munka" a maimakon "suka" da "muka", "awa" a maimakon "kamar", "yaz zo" da "tat tahi" inda kai za ka ce "ya zo" da "ta tafi". Wannan kaɗai ya isa ya toshe maka kunne kafin a kai ga ma'ana. Sannan ga kalmomin duniyar da ta shuɗe. Mawaƙin fada yana magana ne da mutanen da suka san lifidi da sulke da kwalkwali, suka san takobin da ake kira kansakali, suka san akawal baƙin doki ne, kili fari, gunya kuma mai launin ƙasa-ƙasa mai haske. Mu da muka fi sanin sunayen babura da motoci, in muka ji waɗannan muka rasa gane su, ai ba mawaƙin ne ya gaza ba. Ƙamusun Bargery da aka buga a 1934 cike yake da irin kalmomin nan, haka ma ƙamusun da Jami'ar Bayero ta fitar a 2006. In ka buɗe za ka same su zaune suna jiran ka. Ko a rubutacciyar waƙa, wanda ya karanta Aƙilu Aliyu ya san yadda yake tono kalma daga ƙasan rumbu. Za ka sha wuya, amma duk kalmar da ka bi sawunta sai ka tarar ita ce daidai wurin.

Ga ƙaramin misali da kowa ya taɓa ji a kirari: murucin kan dutse, ba ka fito ba sai da ka shirya. Na sha tambayar ɗalibai mene ne muruci, aji guda a rasa mai amsa. Muruci shi ne tsiron ƙwallon giginya, wanda yake nutsa cikin ƙasa mai taushi, har a tono shi a dafa a ci. To wanda ya tsiro a kan dutse fa? Da zarar na faɗa musu haka, sai ka ga fuska ta washe. Kirarin da ya zama musu surutu minti ɗaya da ya wuce, yanzu ya zama hoton mutumin da ya fito a inda ba a zaci wani zai iya fitowa ba. Wannan ita ce alamar farko ta zurfin gaske: in an yi maka bayani, waƙar ƙaruwa take yi a idonka.

Akwai kuma duhun da mawaƙi yake yi da gangan saboda dalili. Zambo da habaici a fada ba a yin su da suna. Makaɗi yana wasa sarkinsa da giwa ko zaki, sai ya juya kan ɗan sarkin da yake harin gadon, ya kira shi kura ko biri ko jemage, ya siffanta tafiyarsa ko gemunsa ko rowarsa. Baƙo zai ji kamar labarin dabbobi ake yi. Amma duk wanda yake zaune a fadar ya san wa ake nufi, shi ma wanda aka yi dominsa ya sani, kuma ba shi da bakin kai ƙara, don ba a ambace shi ba. Haka matan gida suke yi a bakin turmi, kishiya na jin kowace kalma, maigida na wucewa bai san an yi yaƙi ba. Irin wannan ƙofa ce a kulle, amma makullinta yana hannun mutane, ba a hannun mawaƙin kaɗai ba. In shekaru suka ja, masu makullin suka ƙare, sai waƙar ta yi mana duhu, dole a nemi dattijon da ya san labarin. Waƙoƙin sufaye ma suna da nasu isɗilahin da sai wanda ya zauna gaban malamai yake warware shi, don haka nake hana ɗalibaina saurin baki a kansu.

Su "ayye yaraye" da "iye nanaye" na waƙoƙin gaɗa da na daka kuwa, kada ka wahalar da kanka. Ba a sa su don su faɗi wani abu ba. Aikinsu riƙe kari da ba mai bayarwa damar numfasawa kafin ta jefo baiti na gaba, kuma ba su taɓa da'awar hikima ba. Wanda ya yi musu dariya don ba su da ma'ana, kamar wanda ya tuhumi tafi ne da rashin magana.

Yanzu mu zo kan waɗanda kuke tsinta a waya. Yawancin baitocin da suke ba ku dariya ba girman kai ne ya haife su ba, gaggawa ce da bautar amsa-amo. Na zauna a sitidiyo fiye da sau ɗaya na ga yadda ake yi. Mai kiɗa ya riga ya haɗa kiɗan a fiyano da kwamfuta tun kafin a sami kalma ɗaya. Mawaƙi ya sa abin ji a kunne, yana gunguni yana bin kiɗan da "na-na-na" har ya sami karin da ya zauna. Sai a nemo kalmomin da za su cike gurbin. In layin farko ya ƙare da "ba", to an ɗaure shi, duk sauran sai sun ƙare da "ba". Ga mai shirya fim yana jira, ga wani mawaƙin a waje yana jiran layinsa. Sai ka ji an fito da irin wannan, wanda na ƙirƙira don misali amma na san za ka gane danginsa:

Sonki ya sa ni na zam alkyabba,
Tauraro ya faɗo cikin kwalba,
Rana ta fito da dare ta yi tsaraba.

Tambayi mai irin wannan me ya haɗa so da alkyabba, in mai gaskiya ne zai ce maka "ba" ce ta haɗa su. Amsa-amo ya ja shi kamar akuya da igiya, ya bi. A ƙa'ida kuwa ma'ana ce take gaba, amsa-amo yana bin ta a baya. Magabata ma sun san matsin kari da ƙafiya, wato amsa-amo, shi ya sa aka yarda da abin da ake kira lalurar waƙa: a ja gajeren wasali, a datse dogo, a gabatar da kalmar da ya kamata ta zo a ƙarshe, a aro kalmar Larabci ko ta wani karin harshe. Duk an yafe wannan. Abin da ba a taɓa yafewa ba shi ne a sayar da ma'ana a sayi sauti. Wanda ya yi tahamisi, ya ƙara layi uku a kan kowane baiti mai layi biyu na wani, yana cikin matsin da ya fi na sitidiyo nesa ba kusa ba, amma ba a karɓar masa uzurin cewa ƙafiya ce ta sa shi faɗin shirme. Saboda haka dariyarku a kan irin waɗannan halas ce. Abin da zan ƙara kawai shi ne, da yawa daga cikin yaran nan suna da murya da kunne, abin da suka rasa shi ne wanda zai ce musu su koma su sake.

Baitin abokinku wani ciwo ne dabam, kuma ya fi damuna, don mai shi ya ɗauka ya yi nisa. Mu zura masa kara. Inuwar shiru ta haɗiye ruhin dare. Juya kalmomin: ruhin inuwa ya haɗiye shirun dare. Sake juyawa: daren ruhi ya haɗiye inuwar shiru. Me ya canza? Babu. Duk ukun nauyinsu ɗaya, duk ukun suna da ƙamshin hikima, kuma babu wanda ya nuna maka wani abu da za ka iya rufe ido ka gani. Yanzu gwada haka da maganar da kaka take yi: sara da sassaƙa ba ya hana gamji toho. Cire gamji ka sa gwanda. Maganar ta rushe nan take, don gwanda sara ɗaya take jira. Kalmar tana wurin ne saboda ita kaɗai za ta iya aikin. Baitin da za ka sauya wa kalmomi wuri yadda ka ga dama bai ji ciwo ba, to dama babu jijiya a jikinsa.

Duba kuma irin kalmomin da ya tara: inuwa, shiru, ruhi, dare, madubi, babu, har abada. Bakwai, kuma in ka cire madubi babu ɗaya da za ka riƙe a hannu. Shi ma madubin an ba shi ga "babu", an sa shi wanke fuska, aikin da madubi bai taɓa yi ba. Ba cewa nake ba a mutuntar da abin da ba mutum ba. Mawaƙanmu sun mai da duniya karuwa, sun mai da ita tsohuwa mai kwalliya, sun mai da mutuwa baƙuwar da ba ta sallama. Amma ka lura, kullum abin da ba a gani suke jawowa su sa masa jikin abin da ake gani, don a gane shi. Abokinku ya yi akasin haka: ya ɗauki hazo ya lulluɓe shi da hayaƙi. Na lura wannan salon ya yawaita ne a wajen matasan da suka fara karanta waƙa da Turanci, suka ga wasu baitoci masu wuya, suka ɗauka wuyar ce waƙar. Sai su yi tunanin da Turanci su zuba shi a Hausa. Shi ya sa in ka ce su rera, ba ya reruwa, alhali rubutacciyar waƙar Hausa tun asalinta don a rera ta ake yin ta, a kan ma'aunan da aka gada daga aruli, ilimin auna waƙar Larabawa, irin su kamil da mutaƙarab da ramal, ko a kan karin waƙar baka.

Wannan gardamar ba a bencin mai shayinku aka fara ta ba. A ƙarni na 9, an ruwaito cewa wani malamin lugga ya ce wa Abu Tammam, mawaƙin Larabawa da aka sani da wuyar baiti: me ya sa ba ka faɗin abin da za a gane? Shi kuwa ya mayar masa: kai me ya sa ba ka gane abin da ake faɗa? Amsar abokinku ke nan, ta girme shi da shekara fiye da 1,000. Sai dai Abu Tammam ya ci wannan amsar ne saboda malamai sun zauna sun yi wa baitocinsa sharhi, suka tarar da abu a ciki. Kuma malaman balaga, waɗanda har yau ake karanta littattafansu a zaurukanmu, ba su bar maganar a sake ba. Sun ce magana ba ta zama fasihiya sai ta kuɓuta daga wasu aibobi, ciki har da baƙuwar kalmar da aka tono ba don buƙata ba, da kuma abin da suka kira ta'aƙidi, wato ƙulle magana. Suka raba shi biyu: na lafazi, inda aka hargitsa jerin kalmomi har aka rasa wa ya yi wa wa, da na ma'ana, inda aka yi nuni da abu ta hanyar da hankali ba zai iya bi ya isa ba. Ka ga ke nan mutanen da suka fi kowa son kinaya da isti'ara, wato lulluɓe magana da aron siffa, su ne suka sa wa ƙulle magana suna a cikin aibobi.

A nan Najeriya ma an yi ta. A 1980 wasu masana uku, Chinweizu da Onwuchekwa Jemie da Ihechukwu Madubuike, sun fitar da littafi suka caccaki manyan mawaƙanmu masu rubutu da Turanci, har da Wole Soyinka, cewa sun kwaikwayi duhun wasu mawaƙan Ingila sun bar hasken waƙar baka ta gida. An yi musayar zafafan kalamai, kuma ni a ganina sun wuce gona da iri a wasu wuraren, amma tambayar da suka ɗaga ta zauna. A Ostireliya kuwa abin ya kai ga tarko. Wasu mawaƙa biyu da suka gaji da irin wannan salon suka zauna rana ɗaya suka harhaɗa waƙoƙi 16, suna tsintar layi daga ƙamus da duk littafin da hannunsu ya kai, har da wani rahoto kan magance wuraren da sauro yake hayayyafa. Suka ƙirƙiri mawaƙin da bai taɓa rayuwa ba, suka sa masa suna Ern Malley, suka ce ya rasu, suka aika wa wata mujallar adabi. Editan ya buga su a 1944 yana yabon sabon gwani, sannan asiri ya tonu. Abin da ya sa nake ba ɗalibai labarin nan shi ne, editan ba jahili ba ne. Tsoron kada a ce bai gane ba, da son a ce shi ya fara ganowa, su suke sa mai ilimi ya yi wa laka kallon tafki. Wannan tsoron nake gani a zauren karatun waƙa, a nan da Abuja, inda za a karanta abin da babu wanda ya fahimta, kowa ya saci kallon na kusa da shi, sannan a yi tafi.

Mu kuwa Hausawa muna da masu wannan aikin tun da daɗewa, 'yan kama. Ɗan kama yakan ɗauki waƙar babban makaɗi, ko salon karatun malami da jan muryarsa, ya bar karin yadda yake, ya cire kalmomin ya zuba tuwo da miya da fura da nama. Jama'a su yi ta dariya, har da wanda ake kwaikwaya in yana wurin. Abin lura shi ne, waƙar kirki ba ta mutuwa a hannun ɗan kama. An gama dariya a koma a saurare ta, tana nan da ƙarfinta. Wadda ba ta tashi ita ce wadda in an sa tuwo a gurbin kalmominta sai a ga ba a yi asarar komai ba. Don haka abin da kuke yi wajen mai shayi yana da asali, kuma al'ummar da ta daina yi wa shirme dariya za ta wayi gari tana haddace shi.

Amma akwai abin da nake so ka sani kafin ka koma ka ce wa abokinku malam ya ba ku gaskiya. Shekarun baya wani ɗalibina ya kawo mini waƙa shafi biyu, duk irin ta abokinku ce, ruhi da inuwa da kukan zamani. Na karanta har ƙarshe ban kama komai ba, sai layi ɗaya da ya tsaya mini: toka tana barci a aljihun jiya. Bayan an tashi na tsayar da shi, muka zauna a kan dakalin bayan aji, lokacin sanyi ne, yana ta cusa hannu cikin rigar sanyinsa. Na ce, wace toka? Ya ce ai alama ce ta ƙarewar abubuwa. Na ce na ji, amma wace toka, kuma aljihun wa? Ya yi shiru har na ɗauka ba zai amsa ba. Can ya ce mahaifinsa yana da shagon yadi a babbar kasuwar Terminus, wadda ta ƙone a watan Fabrairun 2002. Ya ce shekaru sun wuce, amma kullum da asuba tsohon yakan sa rigar da yake fita kasuwa da ita, ya laluba aljihu ya tabbatar makullin shagon yana nan, sannan ya fito ƙofar gida ya zauna. Shagon babu shi, ƙofar da makullin yake buɗewa babu ita. Yaron yana faɗa muryarsa tana rawa.

Na ce masa, to me ya sa ba ka rubuta wannan ba? Ya ce yana ganin wannan ai labari ne kawai, ba waƙa ba. Kuma yana jin kunya a san halin da gidansu yake ciki. Ka ji dalilai biyun da suke sa yawancin matasa shiga hazo: sun ɗauka abin da suka gani da idonsu bai isa waƙa ba, kuma suna tsoron a gan su. Bayan mako guda ya dawo da wata, ta fara da cewa:

Da asuba Baba ya sa rigar kasuwa,
Makulli na aljihu, ƙofar ta ƙone da jimawa.

Karin bai gama zama ba, na nuna masa inda layi na biyu ya yi tsawo. Amma da ya karanta a aji babu wanda ya yi dariya, babu kuma wanda ya tambayi me ake nufi. Wata yarinya a baya ta sa gefen hijabinta ta share ido, don su ma a kasuwar nan abincinsu yake.

Kada kuma ka ɗauka sauƙin kalma rashin zurfi ne. Garin nan ya ba duniya shaida. Dan Maraya Jos, wanda ya rasu a watan Yunin 2015, da kuntigi ya yi rayuwarsa, ɗan gwangwani da aka rufe da fata, tsirkiya ɗaya tak. Ya yi wa karen mota waƙa, ya yi kan zaman aure, ya yi kan mai shi da marar shi, da Hausar da Birom da Ibo da Bayarabe na Jos suke ji ba tare da tafinta ba, kuma masana suna ta rubutu a kan waƙoƙin nan. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, baitocinsa kuwa almajirai da makafi sun yi ta rera su a tasha da kasuwa, malaman jami'a kuma suna nazarin su a aji. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta iya Larabcin da za ta rufe wa kowa ƙofa in ta so, amma da ta tashi ilimantar da matan karkara sai ta yi musu waƙa da Hausa da Fulatanci, matan da ta horar, waɗanda ake kira jaji, suka haddace suka kai ƙauyuka. Babu ɗayansu da ya ce wanda bai kai ba ba zai gane ba.

Abin da nake ba ka shawara shi ne ka je wajen abokin nan kai kaɗai, ba a bencin mai shayi ba. Ku huɗu kuka yi masa dariya a kan abin da wataƙila ya kwana uku yana rubutawa, kuma shi ba mawaƙin waya ba ne da ba zai ji ku ba, a gabanku yake zaune. Ka ba shi haƙuri a kan wannan, ba sai ka ce baitin ya yi kyau ba. Sannan ka tambaye shi, cikin natsuwa, ranar da ya rubuta "inuwar shiru" a ina yake zaune, wa ya yi shirun, me ya faru kafin nan. In ya ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, ka ce to ga ka ga mai ita, ya rera maka. In ya kāsa faɗin komai sai ƙarin ruhi da madubi, ka bar shi, ka ba shi aron waƙoƙin magabata ya saurara. In kuwa ya yi shiru irin na ɗalibin nan nawa, to ka jira shi, kada ka cike masa shirun da magana.

Kuma in ya yarda, ka turo mini waƙar gaba ɗayanta. Layi biyu kawai na gani, ina so in ga sauran.